Motar Luka Ta Tashi

Kwamba, Suleja
2 ga Satumba

Zuwa ga Kawu Nehemiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar, yaya damina a Kwoi? Mu nan lafiya lau. Mijina Luka yana gaishe ka. Jikinsa da sauƙi, yana takawa da sanda har bakin ƙofa, amma hannun dama bai ɗagu ba har yanzu, maganarsa kuma sai an yi haƙuri. Wata goma sha ɗaya ke nan da shanyewar jikin.

Na san tun da kunnenka ya toshe ba ka ɗaukar waya, saƙon waya kuma ka ce idonka ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Shi ya sa na roƙi Filibus direba ya kawo maka wannan takarda hannu da hannu.

Kawu, maganar a-kori-kurar Luka ce, motar da yake ɗaukar kaya da ita. Tun kafin ya kwanta take zafi. Tana nan tsakar gida, kaji sun mai da ƙarƙashinta ɗakinsu. Duk Asabar nakan tayar da ita na ɗan lokaci don kada batir ya mutu, amma ruwan da na zuba mata ba ya minti goma sai ya tsiyaye. Yanzu Malam Idris mai gidan da muke haya zai gina shaguna biyu a wurin, magina za su fara ranar ɗaya ga Oktoba. Bai ci mana mutunci ba, ya daɗe yana haƙuri. Amma ya ce ko ta fita da ƙafarta, ko masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta, don a tasha ba a karɓar motar da ba ta aiki, mu kuma ba mu da wani wuri. Masu ƙarfen sun zo sau biyu suna bubbuga jikinta kamar masu taya akuya. Ranar Luka bai ci abinci ba.

Makanikin da na kira ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce inji ya tafi. Ban yarda ba. Ga abin da na gani da idona. Ruwan yana ɗiga ne daga wani ɗan rami bayan fanka. In na kama fankar na girgiza, tana lilo. In na wulla ta da hannu, sai ta yi ta juyawa kamar fankar ɗaki bayan an ɗauke wuta. In inji yana aiki kuma akwai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Ka gaya mini abin da ke damunta, ka kuma gaya mini yadda zan gyara da hannuna. Shekara goma sha shida ina kwance keken ɗinkina ina ɗaurawa. In ta tashi ni zan riƙa tuƙa ta, Luka ya koya mini tun yana lafiya, ina da lasin.

'Yarka,
Tabita

Kwoi
6 ga Satumba

Tabita 'yata,

Na sami takardarki, na yi murna da jin Luka yana takawa. Ƙafata dai tana nan yadda kika sani, in hadari ya haɗu ita ke fara gaya mini. Citta ta yi kyau bana.

Injinku bai tafi ko'ina ba. Kin duba mota fiye da wasu da na koya wa aiki shekara uku. Abu biyu ne. Na farko wata-famfo, wato famfon da ke zagaya ruwa cikin inji. Shi ke ɗiga, shi ke niƙan tsakuwar. Na biyu kulocin fanka, ƙarfen nan mai zara-zara da ke tsakiyar fankar. Man da ke cikinsa ya tsiyaye, shi ya sa ba ya kama fanka ta ja iska. Duka biyun sai an sauya, tun da hanyar fitarsu ɗaya ce. Ga sifanu na aiko a cikin tsumma, har da babbar mai siririn baki.

Amma ki ji ni da kyau. Kada ki kuskura ki sa hannunki a motar nan ………… Na ga abin da ya sami ………… Wannan ba aikin ………… ba ne. Ki nemi wani mai ƙarfi ………… Babban notin fanka kuwa …………

Kawunki,
Nehemiya

Kwamba
9 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Luka lafiya, ni ma lafiya.

Saƙonka ya iso. Ka naɗe takardar tare da sifanu, baƙin mai ya cinye ƙasan shafin farko, shafi na biyu kuwa in ban da sunanka babu abin da ya rage. Amma abin da ya tsira ya ishe ni. Kada in sa hannu a mota. In nemi wani mai ƙarfi. Wannan ba aikin wa ba ne, Kawu? Mai ya rufe kalmar, amma ba sai an karanta mini ba, na san ta tun ina shekara goma sha biyu.

Ka tuna garejinka na Kafanchan, hutun da Mama ta kai mu ni da yayana Gidiyon? Kullum ina tsaye a bayanka ina kallo. Ka miƙa wa Gidiyon sifana, ni kuma ka miƙa mini bokiti ka ce in ɗebo ruwa. Gidiyon yana Legas yanzu yana sayar da takalma, ko tayar keke bai iya cirewa ba. Ban taɓa yi maka maganar ba sai yau.

Ba ni da wani mai ƙarfi. Mai ƙarfin da nake da shi yana zaune a kan benci da sanda. Na gode da sunan ciwon, na gode da sifanu. Sauran zan laluba.

Ka gafarce ni in na yi maka tsiwa.

Tabita

Kwamba
19 ga Satumba

Kawu Nehemiya,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Kwana goma babu amsa. Filibus ya ce ya sami ɗakinka a kulle ya bar takardata wurin maƙwabta. Ban sani ba ko tafiya ka yi, ko ka hango shi ne ka ƙi fitowa. In fushi kake yi, kana da gaskiya. Amma saura kwana goma sha ɗaya, ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Na je Zuba na sayo wata-famfo da kulocin fanka. Mai shagon ya yi ta tambaya ina makanikina, na ce ga shi a gabanka. Na cire kan batir. Na kwance tiyon ƙasa na zubar da ruwan lagireto, ja wur kamar ruwan rafi bayan an yi sama. Na cire robar da ta kewaye fanka. Duk waɗannan ba su ba ni wuya ba.

Babban notin nan ne ya tsayar da ni. Yau kwana uku. Maƙwabciyata Hauwa'u mai awara takan bar kaskonta ta zo ta riƙe mini fuli, wato faifan ƙarfen da notin yake kai, ni kuma in ja sifana. Ko motsi. Na zura bututun ƙarfe a kan sifanar na hau da dukan nauyina, har gefen notin ya fara cinyewa. Tafin hannuna duk ya yi bororo, jiya ko almakashi ban iya riƙewa ba, ɗinkin mutane yana jira.

Abin da ya fi mini ciwo Luka ne. Yana zaune yana kallo, sai ya riƙa buga sanda a ƙasa yana kaɗa mini hannu yana cewa, “Ha… ha…” Na san haƙura yake so ya ce in yi. Shekaranjiya na juya na ce masa, “Kai ma? To ba zan haƙura ba.” Ya sunkuyar da kai, na ga hawaye. Tun ranar bai sake fitowa benci ba.

An riga an sauke yashi da bulo a tsakar gida. Malam Idris ya wuce yau da safe ya ce, “Maman gida, sannu da fama,” bai ƙara komai ba. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kawu, me ka rubuta a kan notin nan?

'Yarka,
Tabita

Kwoi
22 ga Satumba

Tabita 'yata,

Gaisuwa gare ki da Luka. Ba fushi na yi ba. Jos aka kai ni duba ido, suka riƙe ni mako biyu, an yi wa na hagu aiki, yanzu ina gani tar. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu. Na karanta ta farko na sake maimaita ta, na karanta ta biyu na tashi neman biro.

Ga abin da mai ya cinye, kalma da kalma. Kada ki kuskura ki sa hannunki a motar nan tana da zafi. Na ga abin da ya sami wani abokin aikina da ya buɗe lagireto yana tafasa. Wannan ba aikin gaggawa ba ne. Ki nemi wani mai ƙarfi ya riƙe miki fuli. Shi ke nan. Gaggawa na rubuta, Tabita. In ba ke nake so ki yi aikin ba, wa zan aiko wa sifanun da ko Gidiyon ban taɓa bari ya fita da su ba?

Amma maganar Kafanchan gaskiyarki ce. Na tuna bokitin. Na ga idonki a kan hannuna, na kuma san wanda ya fi kai a cikinku, amma haka muka taso, ban yi tunani ba. Shekara ashirin da shida kina ɗauke da abin. Ki yafe wa tsoho.

Yanzu noti. Ajiye bututun nan. Notin fankar irin motarku zarensa na hagu ne, ba ya kwancewa ta inda sauran suke kwancewa. Kwana ukun nan ɗaure shi kike ta yi. Ki tsaya a gaban mota, ki juya shi yadda hannun agogo yake tafiya, kamar mai ɗaurewa. Ki jiƙa shi da kananzir ya kwana. Kada ki cire fanbel tukuna, yana taya ki riƙo. Hauwa'u ta riƙe fuli, ke ki sa sifana ta zauna sosai, ki ba ta guduma ɗaya mai kyau. Bugu yake so, ba ja ba.

In fanka ta fita, ki cire fanbel da fuli. Kusoshin famfo ba tsawonsu ɗaya ba. Ki zana hoton famfon a kwali, duk wadda kika cire ki soka ta a wurinta. Ki kankare tsohon fakin, wato takardar da ke tsakanin famfo da inji, har ƙarfe ya yi sumul, amma kada ki ƙwarzane shi. Gam kaɗan, kamar kina shafa wa jariri mai. Ki ɗaure kusoshi ɗaya nan ɗaya can, a hankali, ba da ƙarfin fushi ba. Sabon kulocin ki jingina shi a tsaye har lokacin sawa, kada mansa ya gangaro. In kin tayar kika ji fanka tana gurnani kada ki tsorata, za ta yi shiru da kanta.

Luka kuma, shekara nawa yana tsaye ana gyara masa motar nan. Ki sake tambayarsa abin da yake cewa, ki jira ya gama.

Wannan karon na sa takardar a leda biyu.

Kawunki,
Nehemiya

Kwamba
2 ga Oktoba

Kawuna,

Gaisuwa da godiya ga Allah da ya buɗe maka ido. Mu nan lafiya ƙalau. Ka zauna sosai kafin ka karanta, takardar tana da tsawo.

Ranar Talata Filibus ya kawo saƙonka. A tsaye na karanta a bakin ƙofa, na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na wuce ɗaki wurin Luka na durƙusa a gabansa, na ce, “Baban gida, me kake ce mini ran nan?” Na jira. Ya yi ta kokawa da bakinsa, can ya ce, “Ha… gu. Zaren… hagu.” Kawu, ashe mijina yana ta gaya mini amsa ina yi masa tsawa. Hannun da yake kaɗawa ma nuna mini yake yi inda zan juya. Na yi kuka, shi kuma dariya ta kama shi, rabon da in ji dariyarsa tun bara.

Laraba da safe ya sa aka fitar masa da benci har gaban mota. Hauwa'u ta ɗaura zani ta riƙe fuli, ta ce, “Bismillahi, Maman gida, buga.” Na buga. Guduma ɗaya. Notin ya yi ƙas, ya juya kamar murfin kwalba. Hauwa'u ta rangaɗa guɗa har matan gidan suka fito suna tambaya wa ya haihu.

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Kwalin sabulu na zana, kusoshi bakwai, uku dogaye. Da tsohon famfon ya fito sai na ga tsatsa ta cinye fukafukansa, kamar haƙoran tsohuwa. Kankare fakin ya ci mini yini guda. Ranar Juma'a wajen sawa, sabon fakin ya yage a hannuna.  Sai na aika aka sayo mini takardar fakin a bakin kasuwa, na shimfiɗa yagaggen a kai na zana da allin ɗinki, na yanka da almakashina. Ramukan kusoshi kuma da abin huda maɓalli na fasa su. Ya zauna kamar a jikinsa aka auna.

Asabar da hantsi na ɗaure komai, na cika ruwa, na mayar da kan batir. Masu sayen ƙarfe su biyu suna tsaye a bakin ƙofa, wai sun zo gaisuwa. Na murza makulli. Ta tashi. Fanka ta yi gurnanin da ka faɗa sannan ta lafa. Babu ƙarar tsakuwa. Na leƙa ƙasa, ko ɗigo. Har na fara rawa.

Bayan kamar minti goma sai allurar zafi ta fara hawa. Ta wuce rabi, ta doshi ja. Na kashe. Ɗaya daga cikin masu ƙarfen ya ce, “Madam, kin yi ƙoƙari, amma ai an gaya miki inji ne.” Takardarka ba ta ce komai a kan wannan ba, Filibus kuma sai Talata. Na jingina da mota.

Sai na ji sanda. Luka ne ya miƙe shi kaɗai, ya tako har inda nake. Wannan karon na rufe bakina na jira. Ya ce, “Is… ka. Iska… ciki.” Ya nuna tayoyin gaba, ya nuna tulin yashin magina. Na gane iska ce ta maƙale cikin inji ta hana ruwa zagayawa, yana so gaban mota ya ɗaga sama don ta sami hanyar fita. Muka bari ta huce sarai, ban taɓa murfin ba sai da na iya ɗora tafin hannu a kan lagireto. Na hau da gabanta kan yashin Malam Idris, na buɗe murfi, na tayar. Luka ya sa hannunsa mai lafiya yana matsa tiyon sama. Ruwa ya riƙa ɓul-ɓul yana sauka, ina ƙarawa da buta. Sau huɗu. Daga nan kumfa ya ƙare. Allura ta hau zuwa rabi ta tsaya cak. Rabin awa tana aiki ba ta gusa ba. Da na waiwaya bakin ƙofa, masu gaisuwa sun tafi ba sallama.

Litinin talatin ga wata, Malam Idris da kansa ya buɗe mana ƙofar gida duka ɓangare biyu. Ya ce, “Wallahi Maman gida, na ɗauka ba za ta yiwu ba. Allah ya sa albarka.” Luka yana gefena da farar rigarsa ta zuwa coci. Da gangan na bi ta bakin babbar kasuwa inda Keke Napep suke cushewa, don can ne take tafasa a da. Mun yi minti ashirin a cunkoso, rana tana dukan bonet, idona ɗaya a hanya ɗaya a allura. Ba ta motsa ba. Muka miƙa har Madalla muka juyo.

A tasha abokan Luka suka kewaye mu, wasu har da ɗaga shi sama. Shugabansu ya ba motar wurin kwana a inda take tsayawa a da. Jiya kuma na yi lodina na farko, doyar yayan Hauwa'u daga ƙauyensu zuwa kasuwa, sawu biyu. Ribas ne har yanzu yake ba ni kunya, sai da na tunkuɗe wa wani mai rake baro, amma babu abin da ya fashe.

Na yafe, Kawu, kai ma ka yafe mini. Luka ya karɓe biron, ya ce shi ma yana da magana. Tun da ya kwanta bai rubuta ko sunansa ba. Ya ɗauki kusan awa guda a kan layukan nan, ban gyara masa komai ba.

'Yarka,
Tabita

Kawu ni ne Luka. Ina gaisuwa. A tasha sun tambaye ni wane makaniki ya yi aikin. Na ce matata. Ba su ji ba. Na sake faɗa har sau uku sai da suka ji.